Asabar Huɗun da Job Bai Zo Ba

Ni ne nake riƙe da littafin maki na ƙungiyar kartarmu ta unguwar Ɗan Iya, kuma tun da aka damƙa mini shi ban taɓa cin maki ɗaya na kowa ba. Na faɗi wannan tun da wuri ne domin a san cewa abin da ya faru da Job ba cuta ba ce. Da cuta ce da na fi samun sauƙi, sai in nuna wanda ya yi ta, in zage shi son raina, in je in yi barcina.

Job mai gyaran keken ɗinki ne a Kasuwar Muda Lawal. Rumfarsa tana bayan layin masu yadi, 'yar ƙarama, cike da kawunan kekunan da masu su suka fid da rai da su. Ya zo Bauchi yana ɗan shekara goma sha bakwai daga wani ƙauye a kudancin jiha, ya koyi aikin a hannun wani tsoho mai zafin rai wanda ba ya maimaita magana. Halin tsohon bai kama shi ba, amma ƙarancin maganar ya kama shi. Har yau kuma Hausarsa ba ta cika bambance mace da namiji ba. Teloli suna cewa da kunne yake gane ciwon keke. Zai sa ka taka sau uku, ya runtse ido, sannan ya gaya maka abin da ya lalace, kuma idan ka yi masa gardama sai ya miƙo maka sukudireba ya ce to ka gyara. Dogo ne siriri, da tabarau wanda ya ɗaure ƙafarsa ɗaya da baƙin zare, ya ƙi canza shi shekara da shekaru.

Matarsa Lilian ta daɗe tana dafa abinci a wata makarantar kwana ta 'yan mata, har ciwon suga ya zaunar da ita. 'Ya'yansu biyu. Anita ma'aikaciyar jinya ce a Jos, Lucky kuma yana tuƙa babbar mota a Fatakwal. Ɗakuna biyu suke haya a bayan masallacin layinmu, kuma a nan suka yi shekara talatin da ɗoriya. Job ba ya shan taba, ba ya kallon ƙwallo, ba ya yawon biki. Daga kasuwa sai gida, daga gida sai coci ranar Lahadi. Abu ɗaya ne nasa na kansa a duk mako, shi ne yammacin Asabar a kan tabarmarmu.

Wot muke bugawa, kartar nan da kowa ya sani, daga bayan La'asar zuwa kiran Magariba, a ƙarƙashin rumfar kwano da ke ƙofar gidan Alhaji Mansir, shugabanmu. Mu ashirin da biyu ne. Dokarmu ta farko ita ce ba a ajiye ko sisi a kan tabarma, domin mun san sunan da ake kiran masu karta da shi a garin nan, kuma da yawanmu muna da surukai. Wani limami ya taɓa zuwa ya zauna ya sa mana ido har wasa ya tashi. Da bai ga kuɗi ba, sai ya ce to ɓata lokacin fa? Alhaji Mansir ya ce ai gara wannan da cin naman mutane, liman ya ce duka biyun kuna yi, ya kaɗe rigarsa ya tafi. Bai yi ƙarya ba.

Maimakon kuɗi, maki muke tarawa. Wanda ya zo na ɗaya a da'irarsa yana da biyar, na biyu uku, na uku ɗaya, kuma duk wanda ya halarta yana da ɗaya na zuwa. Muna farawa bayan Babbar Sallah mu rufe a Asabar ta ƙarshe kafin azumi. A ranar rufewar ne mutum takwas da suka fi maki suke zama wasan ƙarshe, wanda ya ci ya tafi da kofi ya ajiye a shagonsa har shekara ta zagayo. Kofin kansa ba wani abin kirki ba ne, fentinsa duk ya ɓare. Amma na ga dattijo mai jikoki yana goge shi da hannun rigarsa yana murmushi shi kaɗai.

Shekara goma sha tara Job ya yi a cikinmu. Da can su biyu ne Kiristoci, shi da wani Obadiya ma'aikacin gidan waya, Obadiya ya yi ritaya ya koma garinsu, Job ya rage. Wasansa babu hayaniya. Ba ya buga karta da ƙarfi, ba ya yi wa wanda ya kayar dariya, kuma duk kartar da ta sauka yana riƙe da ita a ka. Idan ya ce maka ɗauki biyu, da tausayi yake faɗa kamar mai yi wa yaro allura. Muna tsokanarsa da Fasto, shi kuma yana kiran Alhaji Mansir da Na'ibi. Idan kiran salla ya riske mu a tsakiyar zagaye, sai kowa ya kife kartarsa a bar wa Job gadi, kuma ko sau ɗaya ba a taɓa jin wani ya ce an leƙa masa ba.

Sau goma sha ɗaya yana shiga wasan ƙarshe. Sau huɗu yana zuwa na biyu. Kofin bai taɓa kwana a rumfarsa ba, kuma ko da yake bai taɓa furtawa ba, kowa ya san abin yana cinsa. A shekarar da nake magana a kai, sa'a ta haɗu masa da gwaninta. Kafin Disamba ya ba na biyu ratar maki goma sha huɗu, har teloli a kasuwa suka fara ce masa ya share wuri a kan kanta. Ya ce musu ba a cin kofi da baki, amma ni da idona na ga ya kwashe wasu tarkace daga kantar.

Yanzu sai in yi bayanin doka ta bakwai, domin ni na rubuta ta. Ni tsohon malamin firamare ne, na yi shekara talatin da biyar ina kiran suna a rajista, kuma ba na son mai zuwa yau ya ɓace gobe. Akwai shekarar da wani ɗan kasuwa ya tara maki a farkon zango, ya tafi fatauci wata huɗu, ya dawo daidai ranar rufewa ya ɗauke kofi a gaban waɗanda suka sha zama duk mako. Ran kowa ya ɓaci. Sai na kawo shawara cewa duk wanda ya yi fashin Asabar uku a jere, makinsa ya zube gaba ɗaya, kuma ya fita daga ƙungiya sai ya sake neman shiga. Wani ya ce to idan rasuwa aka yi wa mutum fa? Muka ce gaskiya ne, muka ƙara cewa wanda ya rasa uba ko uwa ko mata ko ɗa, an ɗauke masa har kwana bakwai.

Kwana bakwai ya yi mana kama da yalwa. A wurinmu mutuwa ba ta jira. A rasu da safe, kafin Azahar an kai mutum makwancinsa, a yi sadakar uku, a yi ta bakwai, kowa ya koma neman abincinsa. Job da Obadiya suna zaune ranar da aka karanta dokar, ba su ce komai ba, mu kuma ba mu tambaye su ba. Ina jin a lokacin su ma ba su kawo wa ransu cewa za ta zo kansu ba.

Lilian ta rasu ranar wata Alhamis a tsakiyar Disamba. Washegari bayan sallar Juma'a muka tafi gaisuwa mu goma sha biyu. Mun tarar da kujerun roba a ƙofar gida, matan zumunta na cocinsu suna ciki suna waƙa a hankali. Job ya fito ba tabarau, fuskarsa ta zama wata iri, ya gaisa da mu ɗaya bayan ɗaya. Alhaji Mansir ya tambaya ko an riga an kai ta. Wani ɗan'uwansu ya ce a'a, tana mutuware, ɗakin ajiye gawa na asibiti, sai dangi sun taru an sa rana. Muka kalli juna.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba. Maganar ajiye gawa a cikin sanyi ta tsaya mana a rai, muka ji abin ba namu ba ne, kuma babu wanda ya san tambayar da ta dace ya yi. Muka ce Allah ya ba da haƙuri, Allah ya raya abin da ta bari, muka tashi kafin ruwan da aka kawo mana ya huce. A ganinmu mun sauke nauyi. Babu ɗaya daga cikinmu da ya tambayi ranar binnewa ko inda za a yi ta.

Daga baya ne na ji yadda abin yake. Sai an jira Lucky ya sauke kayan da ya ɗauko ya samu izini. Sai dattawan gidan su Lilian sun zauna da na gidan su Job an daidaita inda za a sa ta. Sai an tona kabari a ƙauye an gina shi da bulo, an yi akwati, an nemi mota. Ga Kirsimeti ta shigo tsakiya, fasto ya ce a bari ta wuce. An binne ta ranar Juma'a, kwana ashirin da biyu bayan rasuwarta, ranar Lahadi kuma aka yi sujadar godiya a coci, wadda mijin mamaciya ba ya tashi ya bar ta. Duk wannan lokacin Job yana tsakanin Bauchi da ƙauye, yana amsa wa wannan yana lallashin wancan.

Mu kuwa muna nan muna raba karta. Asabar ta farko na rubuta masa uzuri. Ta biyu na sa alamar fashi, ta uku ma haka. A ta huɗu, da aka kira Magariba bai zo ba, na buɗe littafi na tsaya ina kallon sunansa a saman kowa. Lambar wayarsa tana cikin wayata. Na gaya wa kaina cewa rashin kunya ne a kira mutumin da yake cikin makoki a yi masa maganar karta, kuma har yau ina ganin akwai gaskiya a ciki. Amma ai ana iya kiran mutum a tambaye shi yaya haƙuri, shi ma ban yi ba. Hafizu, ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya, yana tsaye a kaina yana jiran ya ga abin da zan yi. Na ɗauki jan biro na ja layi a kan sunan Job daga wannan gefe zuwa wancan.

Hafizu mai sayar da kayan babur ne a Gwallaga, kuma ba mugu ba ne, kada a fahimce ni ba daidai ba. Shekara biyu kafin wannan, mota ta kaɗe shi ta karya masa cinya, ya yi mako bakwai a gidan mai ɗori. Yana na uku a lokacin. Dokar ba ta ambaci jinya ba, aka yi zama, aka ɗaga hannu, aka zubar masa da makinsa. Ya dawo da sanda ya sake shiga daga ƙasa, bai zagi kowa ba, amma tun daga ranar ya haddace dokokin ƙungiya fiye da ni da na rubuta su.

A Asabar ta biyar Job ya dawo. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya zo da leda cike da soyayyar gyaɗa, tsarabar ƙauye, ya zuba a faranti ya tura tsakiyar tabarma. Aka yi ta yi masa sannu. Ya ce Anita ta so ta wuce da shi Jos kai tsaye daga ƙauye, ta ce ba za ta bar shi shi kaɗai a ɗakin da mahaifiyarta ta yi jinya ba. Shi kuma ya ce mata saura mako biyar a yi wasan ƙarshe, kuma yana da mutane a Bauchi da suke jiransa. Yana faɗin haka yana gyara zama a wurinsa na kullum, yana murza yatsunsa. Babu wanda ya ɗauki karta ya raba.

Ni ne sakatare, ni ya kamata in yi magana. Na matsa kusa da shi na buɗe littafin na nuna masa. Ya gyara tabarau ya daɗe yana kallon layin.

"Malam Mudathir, wannan fa?"

"Doka ta bakwai ce, Job. Asabar huɗu ka yi. An ɗauke maka ɗaya."

"Amma matana ne ya rasu."

"Mun sani. Kwana bakwai dokar ta ce."

"A kwana bakwai ɗin ai ban binne shi ba tukuna."

Na rufe littafin. Alhaji Mansir ya ce a ajiye wasa a yi zama, tunda kowa yana nan.

Zaman nan ya fi awa ɗaya, kuma ban taɓa jin kunyar 'yan'uwana da kaina irin ta ranar ba. Wasu suka ce manufar uzurin ita ce mutum ya binne nasa, to a ƙirga daga ranar binnewa. Hafizu ya miƙe a kan ƙafarsa mai lafiya ya ce shi ba ya jayayya da cewa Baba Job ya ga tashin hankali, amma abin da aka rubuta shi ne kwana bakwai, kuma lokacin da shi yake kwance ana ja masa ƙafa yana ihu, abin da aka rubuta aka bi. Ya ce a ranar da aka yanke masa hukunci, hannu goma sha biyar aka ɗaga, kuma an gaya masa ɗaya daga ciki na Baba Job ne. Ya juya ya tambaye shi ko ƙarya aka yi masa. Job ya ce ba ƙarya ba ne, ya ɗaga.

Daga nan magana ta lalace. Alhaji Mansir ya nemi a raba tsakiya, a bar masa rabin makinsa, wanda ko da shi zai iya shiga cikin takwas. Hafizu ya tambaya a wace doka aka rubuta rabi. Wani kuma, wanda ba zan faɗi sunansa ba domin 'ya'yansa suna gaishe ni, ya ce idan aka ce sai an binne, to Kirista zai riƙa samun mako uku ko huɗu alhali Musulmi yana samun ɗaya, ina adalci a nan? Na ji kamar in jefe shi da littafin. Mutum ya yi kwana ashirin da biyu gawar matarsa tana jiransa, wani yana kishin cewa an ba shi dogon hutu. Yana wannan maganar ne yana ɓare gyaɗar da Job ya kawo yana watsawa a baki.

Wani Ashiru shi ne na tara a jerin maki, shi zai shiga cikin takwas idan Job ya sauka. Ya ce shi ba ya son kujerar da aka samu ta wannan hanya. Ya faɗa sau ɗaya, a hankali, yana kallon tabarma, kuma da lokacin ɗaga hannu ya zo sai ya tuna yana da kira a waya, ya koma gefe.

Duk wannan Job yana zaune hannuwansa a kan gwiwa. Bai roƙi kowa ba. Da Alhaji ya ce ko yana da abin faɗa, sai ya ce shi dai ya san bai je yawo ba.

Aka ɗaga hannu. Goma sha ɗaya suka ce a bi doka yadda take, tara suka ce a mayar masa da makinsa. Ina cikin taran. Na ɗaga hannuna sama sosai don ya gani, kamar ba ni ne na ja layin ba tun kafin a tambayi kowa.

Alhaji Mansir mutum ne mai son a rabu lafiya. Ya ce to maki ya tafi, Allah ya kaimu baɗi, amma Job namu ne, kada a bari ya tashi daga nan yana bare. A sake shigar da shi yanzu yanzu. Ya ce in karanto ƙa'idar shiga. Ita ma tsohuwar doka ce, mun kafa ta ne don kada 'yan caca su cika mana wuri. Ta ce sabon mai shiga zai kawo mutum biyu daga cikin ƙungiya su miƙe a gaban kowa su shaida cewa sun san shi, sun san gidansa, sun san asalinsa. Bayan haka zai yi wata ɗaya a benci yana kallo kafin a fara raba masa karta. Na karanta ta har ƙarshe. Alhaji ya ce ai cika ƙa'ida ne kawai, wa zai tsaya masa?

Na miƙe da sauri. Hafizu ma ya dafa bango ya miƙe, don ya nuna babu komai a ransa, kuma na yarda babu. Na faɗi kalmomin yadda aka saba, cewa ni Mudathir na san wannan mutum, na san gidansa, na san asalinsa. Hafizu ya buɗe baki zai faɗi nasa, sai Job ya ɗaga hannu ya tsayar da shi. Ya juyo gare ni. Babu fushi a fuskarsa, da ma akwai.

"Malam, ka ce ka san asalina. Yaya sunan ƙauyen da na binne Maman Anita?"

Na ce ai can wajen Bogoro ne.

"Bogoro a nan ake sauka a mota. Sunan ƙauyen nake tambaya."

Na duba Alhaji Mansir, ya sunkuyar da kai. Na duba sauran. Mutum ashirin da ɗaya, wasu sun fi shekara goma sha biyar suna zama gwiwa da gwiwa da shi, babu wanda ya buɗe baki. Wani ya fara ambaton wani gari, ya ji ba shi ba ne, ya haɗiye sauran.

Job ya jira mu. Ya ba mu lokaci sosai, yadda yake ba mutum lokaci ya yi tunanin kartar da zai sauke. Sannan ya ce, "Ranar da Hajiyarka ya rasu, Malam, na tsaya a waje har kuka gama salla. Na bi ku maƙabarta a ƙafa. Ni na ɗebo ruwan da aka kwaɓa ƙasa da shi. Ko yanzu ka ce in kai ka kabarin, zan kai ka."

Gaskiya ya faɗa. Na tuna shi ranar jana'izar mahaifiyata da bokiti, ya naɗe ƙafar wando, yana ta kai da kawowa a cikin rana. A lokacin ban ma yi masa godiya ta musamman ba, domin na ɗauka haka ya kamata maƙwabci ya yi.

Ya miƙe ya kaɗe bayan wandonsa. Alhaji Mansir ya ce ya zauna don Allah a gama magana. Job ya ce ba komai Alhaji, doka ce, shi ma ya taɓa ɗaga mata hannu. Ya ce kada in rubuta sunansa, domin bai kamata malami ya yi shaidar abin da bai sani ba saboda shi. Ya yi mana sai an jima, ya bi layi ya nufi gida. Ba a buga wasa ranar ba, ko da yake da sauran lokaci kafin Magariba.

Bai sake zuwa ba. Na je rumfarsa sau biyu a makon da ya biyo baya. Ya ba ni kujera, ya amsa gaisuwata, ya ci gaba da kwance keken da ke gabansa. Na kawo maganar cewa za mu gyara dokar, ya ce hakan yana da kyau. Kuma mun gyara ta. A zama na gaba na kawo shawara a mayar da uzurin ya zama har a binne mamaci da kwana bakwai bayan nan, aka amince baki ɗaya, har da Hafizu, har da mai cin gyaɗa. Sai dai an ce gyara ba ya komawa baya, daga zango mai zuwa zai fara aiki. Yanzu doka ta bakwai ta yi kyau ƙwarai, kuma babu Kirista ko ɗaya a cikinmu da za ta amfana.

An yi wasan ƙarshe a ranar da aka sa. Wani ya ci, ba ma Ashiru ba, aka tafa masa.

Kwana uku kafin azumi, da hantsi, matata Bilkisu ta ce mini ta ga motar kaya a ƙofar gidan su Job. Na sa takalmi na fita. Na tarar Anita tana nuna wa masu lodi yadda za su ɗora gado, an riga an ɗaure akwatin kayan aikinsa a gefe. Ya ba wani tela rumfar. Anita ta durƙusa ta gaishe ni tana ce mini Baba, ta ce ta gode da zaman da aka yi da iyayenta, kuma da na kalli idonta na gane ya gaya mata komai.

Job ya fito da 'yar jakarsa. Na yi niyyar in ce masa ya yafe mana, na kuma yi niyyar in tambaye shi sunan ƙauyen, in ce zan je ko sau ɗaya in tsaya a kan kabarin. Tun daga gida nake shirya maganar. Da ya miƙo mini hannu, sai na ji tambayar ta yi mini nauyi, domin idan na yi ta yanzu zai san cewa duk makonnin nan ban nemi sani daga kowa ba. Na ce Allah ya kiyaye hanya. Ya ce amin Malam, a gaida mutanen majalisa.

Ya shiga gaba kusa da direba, Anita ta shiga ta ja ƙofa. Na tsaya har motar ta fita daga layi. Har yau ban san sunan ƙauyen ba.